Alhamis Shida da Ban Kai Yayana Gaya Ba

Da sunan Allah mai saukar da cuta, mai saukar da magani. Sunana Habu, ni manomi ne a Toranke, can wajen Ajingi. Ɗan rubutun da na iya a ajin yaƙi da jahilci na koye shi, don haka a yi mini uzuri in bai tsaru ba. Labarin jinyar yayana Dauda zan bayar. Ya daɗe da rasuwa, kuma ban taɓa ba kowa labarin gaba ɗayansa ba. Abin da ya zaunar da ni yanzu shi ne har gobe ina ganin masu irin ciwonsa a ƙauyukanmu, ana cewa lalaci ne, ko a ce iska ce, har su ƙare a ɗaki.

Yaya Dauda ya girme ni da shekara tara. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, shi ya riƙe ni, shi ya koya mini riƙon fartanya, shi ya yi mini aure. Gida ɗaya muke, kowa da sashensa, kuma gandu ɗaya muke nomawa. Mutum ne dogo mai babbar murya. In ana gayya ba a farawa sai ya iso, don shi ke shiga gaba yana tsokanar na baya har a kai ƙarshen gona ba a ji gajiya ba.

Bayan babban farin nan da ya kashe dabbobi mun fara farfaɗowa ke nan, sai shekarar da gyaɗa ta kuturce ta zo. Ganye ya murɗe ya yi rawaya, aka tuge ba a sami komai a ƙasa ba. Yaya ya sayar da shanun nomansa biyu aka sayi hatsi. Ba shi kaɗai ba ne, rabin gari haka aka yi. Shi ya sa da ya fara yawan shiru ban ɗauke shi komai ba. Kowa shiru yake yi a shekarar nan.

Matarsa, Yaya Ladi, ita ta fara lura, kuma ta wajen abinci ta gane. Mutumin da ke tashi da malmala uku ya koma sai ya gutsura sau biyu ya ture kwano. Mako na biyu barci ya ƙaurace masa. Na uku ya daina zuwa kasuwar Ajingi, ya ce hayaniya na sa gabansa faɗuwa. Ni kuma na gani da idona wata rana da hantsi. Muna zaune a zaure, ba abin da ya faru, ko kaza ba ta gifta ba, sai ya dafe ƙirji, gumi ya keto masa, numfashinsa ya koma sama-sama.

"Habu, mutuwa zan yi," ya ce.

"Ina ke maka ciwo, Yaya?"

"Ban sani ba. Wani abu na zuwa. Ban san ko mene ne ba, amma yana zuwa."

Can ya lafa, ya jingina da bango kamar wanda ya yi gudu. Daga ranar abin ya riƙa zuwa masa sau biyu ko uku a mako.

Dangi suka fara zarya, kowa da tasa. Gwaggo Gambo, ƙanwar mahaifinmu, ta dube shi sau ɗaya ta yanke hukunci.

"Sammu ne. Mutumin da muryarsa ta fi ta kowa a gari, dole a sami mai son rufe masa baki."

Aka karɓo rubutu ya sha, aka turara shi da hayaƙi har idanunsa suka yi ja. Wanzami ya zo ya yi masa ƙaho a gadon baya, jini ya fito baƙi, aka ce ga cutar nan ta fita. Awaki biyu suka tafi a wannan hidima. Ban raina addu'a ba, kuma duk wanda ya yi don Allah ya yi, amma Yaya bai ƙara ko loma ɗaya ba.

Wanda ya fi yi mana illa, ba da nufi ba, shi ne Kawu Idi, yayan mahaifiyarmu. Ya zo ya zauna a gabansa ya ce, "Dauda, kai kaɗai ka yi asara a garin nan? Wannan rashin tawakkali ne. Tashi ka zama namiji."

Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaskiya ne, Kawu."

Daga ranar ya daina zuwa masallaci. A ɗaki yake salla. Ya ce mini kunya yake ji ya tsaya sahu ɗaya da masu imani.

A wata na uku Yaya Ladi ta kwashe kwanukan jerenta ta ba dillaliya, muka hau motar kaya daga Gaya zuwa Kano. Muka sauka a zauren wani ɗan garinmu. Ranar farko mun bi layi tun asuba, muna dab da tagar ba da kati aka ce kati ya ƙare. Rana ta biyu muka sami kati, muka zauna a kan benci har azahar. Yaya yana maƙale da hannun rigata kamar yaro, ga jama'a, ga kukan yara, ga warin magani. Da aka kira mu, likita ya sa abin sauraro a ƙirjinsa da bayansa, ya duba ido da harshe, ya yi magana da Turanci. Tafinta ya juyo ya ce, "Likita ya ce babu komai a jikinsa." Aka rubuta mana ƙwaya, aka kira na gaba.

Ban ga laifin likitan sosai ba, don mutanen da ke bayanmu sun fi ƙarfin mutum ɗaya. Amma maganar nan ta zauna wa Yaya. A mota muna komawa ya ce mini, "Ka ji ko? Babu komai. Ke nan ƙarya nake yi muku."

Ƙwayar 'yar ƙarama ce fara. In ya sha sai ya wuni yana barci, harshensa ya yi nauyi, ya tashi ya fi jiya baƙin ciki. Da ta ƙare ba mu koma ba, ba mu ma da abin komawa.

Yaya Ladi ce ta samo labarin Malam Yakubu. Ta je suna a Balan, wata mata ta gaya mata mijinta ya yi irin wannan ciwo, kuma Malam Yakubu, malamin ɗakin shan magani na Gaya, yana taimaka masa. Na goya Yaya a keke bayan sallar asuba, muka sha rairayi, muka isa da hantsi.

Malam Yakubu dattijo ne gajere mai furfura a gemu. An ce ya taɓa aiki shekaru a inda ake jinyar masu taɓin hankali kafin a kawo shi Gaya. Bai ɗauko abin sauraro ba. Ya jawo kujera ya zauna kusa da Yaya.

"Malam Dauda, yaushe rabonka da ka ji daɗin wani abu? Ko abinci, ko hira, ko ganin 'ya'yanka?"

Yaya ya ce, "Na manta."

"In gari ya waye, ya fi maka nauyi ko in rana ta yi sanyi?"

"Da safe. Kamar an ɗora mini dutsen niƙa."

Malam ya gyaɗa kai. "Wannan ciwo ne. Ciwon damuwa. Ba hauka ba ne, ba lalaci ba ne, ba kuma ƙarancin imani ba ne. Na ga limamai da shi. Ba ni da ƙwayarsa a nan. Abin da nake da shi ƙafa ne da mutane. Ka zo ranar Alhamis."

Ya bayyana mana cewa duk Alhamis, kafin layin marasa lafiya ya yi tsawo, yana tara wasu magidanta masu irin wannan ciwo su yi tafiya da sauri zuwa wani kududdufi a bayan gari su dawo, sannan su zauna su yi magana. Yaya ya ɗan ɗago, karo na farko da na ga alamar tsohon halinsa.

"Malam, ni da nake noma tun ban san kaina ba, yau tafiya za a koya mini?"

"Ba koya maka zan yi ba. Rakiya za ka yi mini."

Su bakwai muka tarar. Akwai wani tsohon soja da ya dawo daga yaƙi, shi ke sa su miƙa hannu da ƙafa kafin a tashi. Akwai wani tela da ƙyanda ta kashe masa 'ya'ya biyu a mako ɗaya. Akwai Buba, wani Bafulatani siriri da fari ya cinye masa garke duka. Mutanen gari na yi musu dariya, suna kiransu 'yan faretin Malam Yakubu. Ranar farko Yaya bai kai rabin hanya ba ya zauna a gefe yana haki. Ba wanda ya ce masa komai. Buba ne ya dawo ya tsuguna kusa da shi har ya huta, suka ƙarasa tare.

In sun dawo sai su zauna a gindin wata ɗorawa a bayan ɗakin shan magani. Dokar Malam biyu ce: abin da aka faɗa a nan ba ya fita, kuma ba wanda zai yi wa wani wa'azi. Ni ba na cikinsu, don haka nakan zauna nesa kaɗan wajen kekena, amma ina jin yawancin abin da ake faɗa. Abin da zan kawo a nan na Yaya ne da ɗan na Buba, kuma Buba ya yarje mini kafin ya rasu.

Malam ya ɗora mini aiki ni ma. Kullum bayan asuba in ta da Yaya mu taka zuwa ƙarshen gandunmu mu dawo, ko yana so ko ba ya so. Kwanakin farko da rigima muke fita. Wata rana har ya ce mini, "Kai ma ka zama mai ba ni umarni ko?" Na ce, "Ba ni ba ne, Yaya, Malam ne." Ya sa takalminsa.

Alhamis huɗu ya yi bai buɗe baki a gindin ɗorawa ba. A ta biyar Buba ya yi magana.

"Ni har yanzu in gari ya waye sai in ɗauki sanda in nufi inda suke kwana," ya ce. "Sai na isa in tuna babu. In tsaya. Matata na kallona daga bukka, ta yi kamar ba ta gani ba."

Sai na ji muryar Yaya, ƙasa-ƙasa.

"Ni kuma in na farka, abin da nake fara ji shi ne baƙin cikin na farka. Astagfirullah."

Na jira in ji wani ya tsawata masa. Telan nan ne kawai ya ce, "Ni ma haka." Yaya ya dube shi kamar bai yarda ba, sannan ya ci gaba.

"Ƙanena ke ciyar da 'ya'yana. Yaron da na goya a wuyana. In aka shigo da kwano daga sashensa sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ba laifin da ya yi mini. Amma in na gan shi sai in ji haushinsa, sannan in ji haushin kaina."

Na sunkuya ina taɓa sarƙar keke wadda ba abin da ya same ta. Muka kama hanyar gida. Muna hango rumbunan Toranke Yaya ya ce daga bayana, "Ka ji, ko?"

"Na ji, Yaya."

"To. Kada ka gaya wa Ladi."

Ranar ya cinye tuwonsa.

Daga nan sauƙi ya fara shigowa, ba da gudu ba. Faɗuwar gaban ta ragu zuwa sau ɗaya a mako, wani makon ma babu. Ya gyara dangar gida da ta daɗe a kwance. A Alhamis ta tara shi ya riga kowa isa kududdufi, ya juyo yana tsokanar sojan cewa ashe haka aka yi yaƙin. Ya koma masallaci. Gwaggo Gambo ta ce rubutun nan ne ya fara aiki sai yanzu, ba mu yi mata musu ba. Yaya Ladi ta ba ni ƙwan zabi in kai wa Malam, ya karɓa ya sa aka dafa aka raba a gindin ɗorawa. Bai taɓa karɓar komai namu ba bayan wannan.

Ranar Malam ya ja ni gefe ya ce, "Habu, ciwon nan yakan yi kamar ya tafi. Lokacin da kuka ga ya warke, lokacin za ku ƙara riƙe shi. Kada ku yanke zuwa." Na ce in Allah ya yarda ba za mu yanke ba, kuma har zuciyata na faɗa.

Sai ruwa ya sauka.

Ba shanu, gandu babba, baki goma sha ɗaya a gida, kuma shekara biyu ba mu cika rumbu ba. Zuwa Gaya da dawowa wuni guda ne cur. Yaya kuwa har lokacin ba ya iya kama hanya shi kaɗai, da ya bar gari gabansa ke fara faɗuwa. Daren Laraba ta farko bayan shuka na ce masa, "Yaya, mu bar gobe. In an gama noman fari sai mu koma."

Ya ce, "To."

Na gaya wa kaina ai noma ma motsa jiki ne, ya ma fi tafiya. Tafiyarmu ta asuba ita ma ta tsaya, don daga masallaci gona nake wucewa. Makonni biyu na farko yana zuwa gonar, sai dai ya kama can gefe shi kaɗai yana sara ba magana. Ban gane ba a lokacin cewa ba gumin kaɗai ke riƙe da shi ba, mutanen nan ne.

A mako na uku Yaya Ladi ta tare ni a ƙofar sashena.

"Habu, yayanka fa duk Alhamis sai ya yi wanka ya sa rigarsa ya zauna a zaure. Ba ya cewa komai. In rana ta ɗaga sai ya shiga ya tuɓe."

"Ciyawa ta taso, Yaya Ladi. In na bar ta wuni ɗaya ta cinye geron. Mako mai zuwa."

Ta juya ta koma sashensu. Ita ma ta san abin da ke rumbu.

A mako na huɗu Buba ya tako da ƙafa tun daga rugarsu ya same ni a gona. Ya ce Malam ne ya aiko shi ya ji ko lafiya. Na ba shi ruwa, na ce a gaya wa Malam muna nan tafe. Ya shiga gida ya zauna da Yaya har la'asar. Da zai tafi ya biyo ta gona ya ce, "Habu, ka kawo shi. Idonsa ya koma irin na da." Na ce to. Aka gama noman fari, maimai ya taso, na sake ɗagawa.

Alhamis shida ke nan. A ta bakwai Yaya ya ƙi fitowa daga ɗaki, faɗuwar gaban ta dawo har sau biyu a wuni. Da ƙyar ni da Yaya Ladi muka ɗora shi a keke. Muka isa Gaya muka tarar da wani saurayi a kujerar Malam Yakubu. Ya ce an yi wa Malam canjin wurin aiki kwana goma da suka wuce, zuwa wani gari mai nisa. Na tambaye shi zaman Alhamis.

"Ban san da shi ba," ya ce. "Ni allura da ƙwaya aka turo ni in bayar."

Ba da wulaƙanci ya faɗa ba, gaskiyarsa ce. Muka zaga baya. Ba kowa a gindin ɗorawa, wani ya ɗaure akuyarsa a wurin. Yaya ya tsaya yana kallo, sannan ya ce, "Mu tafi gida."

Na yi ƙoƙari bayan nan, Allah ya sani. Na dawo da tafiyar asuba, sau uku ya bi ni, daga nan ya ce ƙafarsa ba ta ɗaukarsa. Na nemo Buba, ya riƙa zuwa in ya sami hali, amma sauran kowa ya watse gonarsa, kuma mu biyu ba mu san yadda Malam ke jan maganar ba. Sai mu zauna mu yi ta kallon juna. Abinci ya koma kunu, kunun ma rabin ludayi. Ya rame har zobensa ya faɗo daga yatsa. Da zazzaɓin ƙarshen damina ya shigo gari, ya kama mutum biyar a gidanmu. Huɗu suka tashi.

Ana jibi zai rasu, da rana, ina yi masa fifita ya ce, "Habu, kana ta ɗora wa kanka, ina gani. Ka bari. Da ni ne ma gonar zan zaɓa."

Na ci gaba da yi masa fifita. Na san ba gaskiya ya faɗa ba, don na san shi. Da ni ne a kwance, da ya bar ciyawa ta cinye gandun.

Ya rasu ranar wata Talata da la'asar, ana tsakiyar yankan gero.

Ina gode wa Malam Yakubu, duk inda ƙasa ta rufe shi Allah ya haskaka kabarinsa, shi ya ba mu wata uku da muka sake ganin Dauda. Ina gode wa Buba da ya taka wannan nisa don mutumin da ba danginsa ba, da Yaya Ladi da ba ta taɓa buɗe baki ta zarge ni ba. Ina kuma da ƙorafi. Waɗanda suka ɗauke Malam ba su tambayi abin da yake yi a bayan ɗakin nan ba, balle su sa ya koya wa wani. Danginmu sun kawo shawara iri-iri, amma ba wanda ya ce in ba shi keken ya kai shi Alhamis ɗaya, ni ma kuma ban roƙi kowa ba, girman kai ya hana ni. In kana da mai irin wannan ciwo a gida, kada ka yi masa wa'azin zama namiji. Ka fitar da shi ya taka, ka nema masa waɗanda suka san abin da yake ji su zauna tare. In ya fara dariya kada ka saki. In aiki ya fi ƙarfinka, ka buɗe baki ka nemi mai karɓarka.

Geron shekarar ya yi kyau yadda ban taɓa gani ba a gandunmu. Ba ciyawa ko ɗaya, zangarniya kamar damtse. Damin farko da aka sussuka, da shi aka daka gumbar sadakar ukunsa. Aka raba wa jama'a a zaure, aka miƙo mini tawa. Na riƙe ta a hannu har kowa ya watse.